Kafin A Fara Awo

Shekara talatin ina awon hatsi a Kasuwar Dole,
ban taɓa zuba wa mutum ƙwaya ba
sai na ƙwanƙwasa gindin tiya na ji amonta.
Tiyar da ta lotsa daga ƙasa
cin haƙƙin mai saye take yi, bakinta a buɗe kamar mai dariya.

Daren Laraba Cima ta baje tabarma a tsakar gida,
nan Garin Malam, inda kuran ke zuwa ba sallama
ya tafi ba ban kwana.
Ta buɗe kwamfutar da ta saya wurin Mutari mai gyaran waya,
jaka saba'in, da tsaguwa a kusurwa.
Ta ce, Baba, yau na zuba mata yare.
Na ce, na Barebari ko na Buzaye?
Ta ce, wanda ake ba inji umarni da shi,
sunansa sunan mesa.
Na ɗan janye ƙafata.

Kwana biyu tana jawo shi daga iska,
kati uku ta ƙona a kansa.
Yau koren layi ya kai bango,
inji ya rubuta: an gama.
Na ce, madalla, a kawo tuwo.
Ta ce, faɗa ya yi, Baba. Ban gani ba tukuna.
Nan na san jinina ce.

Ta buɗe wata baƙar taga, ba hoto, ba ado,
sai ɗan farin tsinke yana ƙifta ido.
Ta kira sunan yaren,
ta ce ya faɗi lambar haihuwarsa.
Inji ya ce bai san mai wannan suna ba.

Akuyar maƙwabta ta yi tari bayan katanga.
Tuwo ya fara yin fata.

Ta ce, yana ciki, na ga ɗakinsa da idona,
hanyar ce ba a nuna wa mai gida ba.
Na ce, kamar baƙo a lungunan Birni:
ya sauka, ya ci, ya miƙe ƙafa,
ka tambayi yaron ƙofa, ya ce ba mu da shi.
Ba ta yi dariya ba.
Ta kwafi hanyar, ta manna, ta kira. Shiru.
Ashe sanda ɗaya ta faɗi tsakanin suna da suna.
Ta mayar da ita.
Daidai nan kuran ya ɗauke,
unguwa duka ta ce kash da baki ɗaya,
fuskarta kaɗai ta rage da haske.
Batir saura tara cikin ɗari.

Ta rufe tagar, ta buɗe sabuwa,
wai tsohuwar ba ta jin sabon labari.
Ta sake kira.
Uku, ɗigo, goma sha biyu.
Ta ɗaga hannu za ta tafa.

Na ce, dakata.
Ko ɓarawo ya san sunansa.
Tambaye shi abin da amsarsa ke hannunmu:
buhu bakwai, kowanne tiya arba'in,
a cire tara, bashin Habsu mai fura.
Ni na riga na gama tun ban rufe baki ba,
na riƙe lissafin a ƙarƙashin harshe kamar goro.
Ta danna.
Ɗari biyu da saba'in da ɗaya.
Na haɗiye.

Saura uku cikin ɗari.
Ta ce, gwaji na ƙarshe nawa ne.
Ta sa shi ya ce: Barka da dare, Damagaram, ƙasar duwatsu.
Ta kusanto da ido tana neman abu guda,
ko ƙ ɗin ya fito da ƙugiyarsa
ko an datse masa kai a hanya.
Ya fito. Ƙugiyar na nan, a lanƙwashe kamar lauje.

Sai allon ya mutu.

Muka ci tuwon da sanyinsa, a duhu,
tana faɗa mini abin da za ta gina:
littafin bashi da ba ya jiƙewa da damina.
Na ce, to.
Amma kowace safiya, kafin ki ba shi amanar kowa,
ki fara ƙwanƙwasa gindinsa.